Tambayar asali a fom ɗin makaranta a Ontariyo: a nemi shaida ko a ɗauki maganar iyaye?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar makaranta a nan lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Ina cikin majalisar iyaye ta makarantar yarana, kuma hukumar makarantun yankinmu ta aiko mana takarda wai za ta sake duba tsarinta na ba ɗalibai 'yan asalin ƙasa damar bayyana kansu, tana son jin ta bakin iyaye. Tambayar nan ce da kuke gani a fom ɗin rajista, ko yaro ɗan Al'ummomin Farko ne, ko Metis, ko Inuwit, wato rukunai uku na mutanen asalin Kanada. Tsarin ya ce amsawa ganin dama ce, ba a neman takardar shaida, bayanin sirri ne, kuma iyaye na iya janyewa duk ranar da suka so. Ɗalibin da ya kai shekara 18 shi ke amsa wa kansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in ba dole kuma ba shaida, mene ne amfanin ƙidayar? Ba na son in je taro in yi ta gyaɗa kai alhali ban gane komai ba.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni aikina lissafin kuɗi ne, kuma a wurinmu adadin da ba shi da takarda a bayansa ba adadi ba ne. Duk inda aka ce akwai tallafi kuma ba a neman shaida, wallahi sai an samu masu kutsawa. A 2024 wata kotu a Ikaluwit, can arewacin Kanada, ta ɗaure wata mata mazauniyar Toronto shekara uku saboda ta yi wa 'ya'yanta mata biyu rajistar ƙarya a matsayin Inuwit, aka ci sama da dalar Kanada 158,000 na tallafin karatu. Ki gaya musu su nemi katin shaidar asali na gwamnatin tarayya kawai. Mai kati ya nuna, marar kati ya haƙura.

Malamar Lissafi:
Malam Bazazzagi, bari in shigo, don a arewacin Ontariyo nake koyarwa, kuma a ajina ba baƙon abu ba ne ka ga yaran Ojibwe da Kiri, biyu daga cikin Al'ummomin Farko, sun cika layi biyu ko uku.

Da farko, wannan fom ɗin ba ya sa ko sisi a aljihun kowa. Ba ya ba yaro katin gwamnatin tarayya, ba ya ɗauke wa iyaye haraji, ba ya buɗe ƙofar tallafin jami'a. Matar da ka ambata ƙungiyar da ke riƙe da rajistar Inuwit ta yaudara, wato inda ake neman takardu ne ma ta bi ta yi ƙaryarta. Abin da fom ɗin firamare da sakandare ke yi shi ne ya sa hukuma ta san yara nawa gare ta, suna ina, kuma yaya karatunsu yake tafiya.

Asalin abin daga 2007 ne. A shekarar ma'aikatar ilimi ta lardin ta fitar da manufarta kan ilimin Al'ummomin Farko da Metis da Inuwit, ta ce tana son cike giɓin da ke tsakanin sakamakon yaransu da na sauran yara kafin 2016. Sai ga shi ma'aikatar ba ta da hanyar auna giɓin, don mafi yawan waɗannan yaran a makarantun lardi suke, cikin sauran yara, ba a makarantun keɓaɓɓun yankunansu da tarayya ke biya ba, kuma ba inda aka rubuta ko su waye. A shekarar dai ta fitar da wani jagora ga hukumomin makarantu 72 na lardin, kowacce ta zauna da al'ummomin yankinta ta rubuta nata tsarin. Shi ya sa za ki ga kalmomin fom ɗin wani gari sun ɗan sha bamban da na wani.

Amfaninsa a aikace, Hajiya: in an ga yara talatin ko arba'in a makaranta ɗaya, akwai hujjar buɗe ajin harshen Ojibwe, ko ɗaukar jami'in da zai riƙa bibiyar yara har su gama sakandare, ko gayyato dattijo daga al'ummarsu. Ana kuma haɗa adadin da sakamakon jarrabawar lardi ta aji uku da aji shida da aji tara, a dunƙule, ba da sunan kowa ba.

Bazazzagi:
Na ji, Malama. To amma in ba kuɗi a ciki, me zai hana a nemi katin? Ai ba wahala ba ce.

Ɗalibin Lauya:
Yaya Bazazzagi, matsalar na cikin katin kansa. Katin da kake nufi ya samo tushe ne daga dokar 1876 da tarayya ta yi kan waɗanda take kira Indiyawa, wato Al'ummomin Farko, kuma a ƙarƙashin dokar gwamnati ce ke yanke wa ya shiga rajista, ba mutanen ba. Har zuwa 1985, macen da ta auri wanda ba ya cikin rajista sai a soke sunanta, 'ya'yanta ma ba sa shiga. Shi kuwa namiji in ya auro Baturiya, ita ce ma ake sakawa a rajistar. An gyara wannan a 1985, amma gyaran ya zo da wata ƙa'ida: in aka yi zuriya biyu a jere ana haihuwa da wanda ba ya cikin rajista, jikoki sun fita. Ke nan akwai yaro da kakarsa ke magana da shi da harshen Kiri, danginsa duk suna keɓaɓɓen yanki, amma shi ba shi da kati.

Sannan katin bai shafi Metis da Inuwit ba sam, su da nasu rajistocin daban. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1982 ya ambaci rukunan uku ne, katin kuwa na ɗaya ne kaɗai, shi ma ba duka ba. Ƙara da yaran da aka kwashe daga hannun iyayensu tun daga shekarun 1960 aka ba iyalan Turawa riƙo. Yawancinsu yanzu kakanni ne, wasu sai da suka girma suka san daga inda suka fito. Jikansu ne za a ce ya kawo takarda kafin a ƙirga shi?

Kawu Mai Tasi:
Yara, ni ban yi bokonku ba, amma na daɗe ina tuƙi a Winifeg, kuma fasinjojina da yawa 'yan asalin ƙasar ne. Abin da ba ku faɗa ba shi ne tsoro. Wata dattijuwa da nake kaiwa asibiti wankin ƙoda ta taɓa ce mini ita duk takardar da ta tambayi asalinta ba ta cikewa, ko ta shagon magani ce. Na ce me ya sa, Iya? Ta ce ranar da aka rubuta sunanta a littafin wakilin gwamnati, ba a daɗe ba mota ta zo ta tafi da ita da ƙanwarta makarantar kwana. Tana ba ni labarin tana murza zaren jakarta a yatsa har muka iso. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To ku da kuke cewa a nemi shaida, ku fara tambayar ko mutum zai yarda ya ɗaga hannu ma.

Malamar Lissafi:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda maganar take. Yara sama da 150,000 ne suka bi ta makarantun kwanan nan da gwamnati ta kafa coci-coci suka gudanar. A 1920 aka tsaurara doka, halartar makaranta ta zama tilas ga yaro daga shekara bakwai zuwa sha biyar. Ana aske musu kai, a hana su harshensu, a wasu wuraren lamba ake kiran yaro da ita maimakon suna. Ta Brantford, kusa da yankin Al'ummomi Shida, sai 1970 aka rufe ta, na ƙarshe kuwa sun kai shekarun 1990. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa ranar 11 ga Yuni 2008, hukumar gaskiya da sasantawa ƙarƙashin Murray Sinclair ta kammala aikinta a 2015 da buƙatu 94. Su Inuwit kuma daga shekarun 1940 gwamnati ta raba musu 'yan faifai masu lamba suna ratayawa a wuya, don jami'ai sun ce sunayensu na ba su wahala.

Wato duk lokacin da hukuma ta ƙirga mutanen nan a da, abin da ya biyo baya ba alheri ba ne. Yau kuma makaranta ce, ita kanta makarantar, ke miƙo fom tana cewa ku gaya mana ku su waye. Ba yadda za a yi a ce dole, kuma ba yadda za a yi sakatariyar ofis ta zauna tana duba takardu tana cewa kai ka isa, ke ba ki isa ba.

Nas ɗin Dare:
Kada ku ɗauka tsoron na tarihi ne kawai. Ƙidayar 2021 ta nuna yaran 'yan asalin ƙasa ba su kai kashi 8 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 15 ba, amma sun haura rabin yaran da ke hannun riƙo. A da a asibiti akwai tsarin da ma'aikatan jin daɗin yara ke aiko da gargaɗi kan mai ciki tun kafin ta haihu, wani lokaci a karɓe jariri a ɗakin haihuwa, kuma matan nan abin ya fi faɗawa. Sai a 2020 Ontariyo ta hana shi. Malamai kuma doka ta ɗora musu kai rahoto in sun yi zargin ana cutar da yaro, kamar yadda ta ɗora mana. To uwa na zaune da fom a gabanta tana lissafi: in na sa alama a nan, ranar da yarona ya je makaranta ba abincin rana, da wane ido za a dube ni? Ni da na ga abin da na gani ba zan ga laifinta ba in ta bar wurin fari fat.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Montiriyal. Ni ra'ayina ya sha bamban da na kowa. Me ya sa makaranta za ta tambayi asalin yaro tun farko? A Faransa doka ta taƙaita tattara bayanan launi da ƙabila ƙwarai, ɗalibi ɗalibi ne. A Ruwanda mun ga abin da rubuta ƙabila a katin shaida ya jawo a 1994. Yaron da ke baya a karatu a taimake shi don yana baya, ba don kakansa wane ne ba. Ko Najeriya ai a ƙidayar 2006 ba a tambayi ƙabila da addini ba, kuma da dalili.

Ɗalibin Lauya:
Ranka ya daɗe, misalin Ruwanda na tilas ne, a kan katin da kowane ɗan sanda zai iya karɓa ya duba a shinge. Wannan kuwa ba ya kan katin ɗalibi, ba ya kan takardar sakamako. Sannan akwai bambancin da mu baƙi muke yawan tsallakewa. Mu da muka zo daga Kano ko Damagaram tsiraru ne a nan, amma su al'ummomi ne masu yarjejeniya da masarautar Ingila tun kafin wasu lardunan su kafu, kuma wasu yarjejeniyoyin sun ambaci makaranta ƙarara. Gwamnati na da alkawari a wuyanta game da karatun waɗannan yaran musamman. In ba a ƙirga ba, wa zai iya tsayawa ya ce ba a cika ba? Rashin adadi gwamnati yake yi wa daɗi.

Ɗan Damagaram:
Na ji hujjar yarjejeniya, tana da ƙarfi. Amma har yanzu ina ganin lakabi yana bin yaro. Malami ɗan Adam ne.

Malamar Lissafi:
Yana bi, kuma wannan ne abin da ya fi damuna. Na taɓa zama a wani taron malamai, a wata makaranta da ba zan ambata ba, ana maganar wace irin darasin lissafi za a sa wata yarinya a aji tara. Yarinya mai kai, tana gama aikinta kafin kowa ta zauna tana zane a bayan littafi. Wani ya leƙa kwamfuta ya ce ai irinsu sun fi jin daɗin mai sauƙin. Bai ko buɗe makinta ba. A lokacin ana raba yara gida biyu tun daga aji tara, mai zuwa jami'a da wanda ba zai je ba, kuma sai 2021 lardin ya fara soke wannan rabon da darasin lissafi. Alƙaluman da aka tattara na cikin abin da ya nuna cewa yaran baƙaƙen fata da na 'yan asalin ƙasa ne ake yawan turawa ƙaramin layin. Ka ga bayani ɗaya ne, a hannun wancan mutumin ya zama abin cutarwa, a dunƙule kuma ya zama hujjar rushe tsarin.

Shi ya sa, Hajiya, in ni ce ke, ba zan ɓata lokacin taron a kan shaida ba. Zan tambaya wa ke iya ganin alamar a kwamfuta. Shugaban makaranta da jami'in da ke kula da shirin, ko duk malamin da ya buɗe sunan yaro? Zan tambaya in iyaye sun janye, ana goge bayanin ne ko ana ɓoye shi kawai. In makaranta na da irin yaran nan huɗu ko biyar, kada a fitar da sakamakonsu ko a dunƙule, don a ƙaramin gari kowa zai gane su waye. Sannan wa ke yi wa iyaye bayani? In sakatariya ce ke turo fom ta taga ranar rajista, ga layi a baya, ga yara na kuka, ba wanda zai sa alama. Inda na ga abin ya yi aiki, an yi zama ne da yamma a cibiyar sada zumunta ta 'yan asalin ƙasa da ke garin, da abinci, mutumin cikinsu ya yi bayani, aka amsa tambayoyi har dare.

Maman 'Yan Biyu:
Malama, Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. To su al'ummomin, ana mayar musu da sakamakon?

Ɗalibin Lauya:
Anti, wannan ki riƙe ta da kyau. Al'ummomin Farko na da ƙa'idoji huɗu da suka shimfiɗa kan duk bayanin da aka tattara a kansu: su ne masu shi, su ke da iko da yadda za a yi amfani da shi, dole su iya samunsa, kuma a hannunsu ya kamata ya zauna. Bayanin makaranta kuwa a rumbun hukuma da na ma'aikatar ilimi yake zaune, ƙarƙashin dokar sirri ta lardi. Akwai tazara tsakanin biyun. Abin da za ki iya nema shi ne a rubuta a tsarin cewa duk shekara za a kai alƙaluman gaban majalisar ilimin 'yan asalin ƙasa ta hukumar, su fara gani kafin a buga, su kuma sa baki kan yadda za a fassara su. A lardin Biritish Kolombiya ma'aikatar ilimi na fitar da rahoto duk shekara kan sakamakon waɗannan ɗaliban, gunduma gunduma, kuma akwai kuɗi na musamman da ke bin adadin waɗanda suka bayyana kansu.

Bazazzagi:
Yauwa! Ga kuɗi ya fito. Na ce muku.

Malamar Lissafi:
Kuɗin gundumar makarantu yake zuwa don shirye-shirye, Malam, ba gidan yaro ba.

Bazazzagi:
To ai nan ma akwai kwaɗayi, sai dai ya koma kan hukuma. In kowace alama na ƙara mata kasafi, za ta riƙa matsa wa iyaye, ganin damar ya zama na baki kawai. Kuma ku duba jami'o'i. Shekara da shekaru suna ɗaukar maganar mutum, har aka bankaɗo manyan malamai da suka hau kujeru da asalin da ba nasu ba. Jami'ar Saskachewan a 2022 ta koma neman takarda.

Ɗalibin Lauya:
Gaskiya ne, amma duba wa ke ba da takardar. Jami'ar ta ce al'ummomin ne za su faɗi irin shaidar da suka yarda da ita, ba ita ba. Haka kotun ƙoli ta yi a shari'ar Powley a 2003, kan wani uba da ɗansa 'yan Metis da suka yi farauta ba lasisi kusa da Sault Ste. Marie. Ta ce abu uku ake dubawa: mutum ya kira kansa Metis, yana da tsatso a al'ummar tarihi, kuma al'ummar yau ta karɓe shi. Wannan awon na wurin da ake rabon haƙƙi ne ko kujera ko kuɗi. Yaro ɗan shekara shida da za a saka a ajin harshen kakarsa bai ƙwace wa kowa komai ba.

Kawu Mai Tasi:
Mu da muka sha wahalar takardar shaidar ƙaramar hukuma a gida ai bai kamata a yi mana dogon bayani ba. An haifi mutum a Jos, an haifi ubansa a Jos, ya je neman gurbin karatu a ce ya koma garin kakansa ya karɓo takarda. Ba abu ɗaya ba ne da na nan, na sani, amma ɗacin wani jami'i ya zauna a bayan tebur ya gaya maka kai ɗan ina ne, mun ɗanɗana.

Nas ɗin Dare:
Wani abu kuma Hajiya, ki ce a fassara bayanin fom ɗin ga sababbin zuwa. Akwai 'yan'uwanmu da ke sa alama a wurin da kyakkyawar niyya, suna ganin ai su ma 'yan asalin ƙasarsu ne. Mutum goma suka yi haka a makaranta ɗaya sun ɓata lissafin, kuma ba ƙarya suka yi niyya ba. Layi ɗaya da ke cewa ana nufin mutanen asali na wannan nahiyar ya isa.

Bazazzagi:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A kan sauran ina nan a inda nake: duk ranar da alamar ta fara jawo kyauta ko gurbi ga yaro shi kaɗai, a nemi tabbaci daga al'ummarsa. Kuma a hana hukuma sa wa shugabannin makarantu adadin da za su cimma.

Maman 'Yan Biyu:
Na sa duka biyun. Saura tambaya ɗaya da wata uwa ta yi mini: in iyaye sun rabu, uba na so uwa ba ta so fa? Ko yaro ɗan shekara 15 na so, iyaye sun ƙi?

Malamar Lissafi:
Na biyun yana faruwa fiye da yadda ake zato. Yaro ya dawo daga taron ranar 30 ga Satumba, ranar tunawa da yaran makarantun kwanan nan, da rigarsa ruwan lemo, yana son a san ko shi wane ne, kakarsa a gida ta ce kul. A takarda maganar iyaye ce ke ci har ya kai 18. Abin da muke yi shi ne ba ma rufe ƙofar shirye-shiryen da alamar. Ɗakin da ɗalibai ke taruwa a buɗe yake, ajin harshe a buɗe yake, ba wanda ke tsayawa a bakin ƙofa da jerin sunaye. Ki nemi a rubuta wannan a tsarin ƙarara, cewa ba za a hana yaro wata hidima don ba a cike masa fom ba.

Na iyayen da suka rabu kuwa, wanda kotu ko yarjejeniyarsu ta ba ikon yanke shawarar karatu shi ake bi. In ikon na su biyu ne kuma sun saɓa, shawarata a bar wurin ba alama har su daidaita. Ki kuma tambaye su abin da ke faruwa in yaro ya koma wata hukumar, don fayil ɗin ɗalibi na binsa duk inda ya je a cikin lardin. Uwar da ta yarda da makarantar da ta san malamanta ba lallai ta yarda da wadda ba ta taɓa takawa ba, saboda haka a sake tambayarta a sabon wurin.